Kwana biyu a hamadar Joshua Tree bayan Sallah: me za mu ɗauka?

Abdulhadi: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Mako guda bayan ƙaramar Sallah, wato ƙarshen Maris, muna so mu je mu kwana a gandun Joshua Tree da ke nan Kalifoniya, ni da iyalina da ƙaninta, sai abokina da matarsa. Mu biyar ke nan. Na samu wuri a sansanin Jumbo Rocks da ke cikin gandun, daren Juma'a da na Asabar. Ba wanda ya taɓa kwana a tanti a cikinmu. Ga abin da na tanada: babban tanti mai ɗaki biyu wanda mutum zai miƙe tsaye a ciki, katifar iska biyu, barguna uku, katan biyu na ruwan roba, kula, da gawayin gashi. Kayan sanyi ban sa su a lissafi ba tunda hamada ce kuma bazara ta shigo. A Sakkwato na tashi, zafi ba baƙona ba ne. Me na manta?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Abdulhadi, don Allah kada ka kai matar mutane can da barguna uku. Sau biyu muna zuwa, na farkon a Maris ne kamar naku. Da rana lafiya lau, da 'yar riga mara nauyi muke yawo. Rana na faɗuwa sai ka ce an buɗe firji. Da muka tashi sallar Asuba na kunna mota don yara su ɗumama, ma'aunin motar ya nuna 36, wato digiri 2 a ma'aunin da muka saba da shi a gida. Ruwan buta kuwa, da na zuba a hannu sai da yatsuna suka ƙage. Bazararsu ba bazararmu ba ce. Tamu ita ce lokacin da ake fitar da tabarma tsakar gida saboda ɗaki ba ya kwantuwa. Tasu wutsiyar hunturu ce.

Injiniya Bashir: Maman Ilham ta faɗi gaskiya, bari in ƙara da dalili. Jumbo Rocks yana kan tudu mai ƙafa 4,400, kusan mita 1,340 daga doron teku. Ya ɗara Jos tsawo. Sakkwato kuwa wajen mita 300 ce kawai. Duk mita dubu da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri shida da rabi. Sannan iskar wurin busasshiya ce, babu gajimare babu laima da za su riƙe ɗumin da duwatsu suka sha da rana, shi ya sa cikin awa biyu yake tserewa. Kuma kada ka duba hasashen yanayin garin Palm Springs ka ce shi ke nan. Palm Springs a ƙasa take cikin kwari, tsakaninsu da inda za ku kwana akwai bambancin digiri bakwai ko takwas.

Abdulhadi: Ikon Allah. Wallahi na Palm Springs ɗin nake ta dubawa.

Kawu Alhassan: Ɗana, ni mutumin Agadas ne. Tun kafin in zo ƙasar nan in kama tuƙin babbar mota, na hau dutsen Bagzan ba sau ɗaya ba. Ƙololuwarsa ta haura mita 2,000, babu wurin da ya fi shi tsawo a Nijar. A watan Janairu akan wayi gari can a ga ruwan da aka bari a kwano ya yi ƙanƙara a sama. Mutanen kudu in sun zo Abzin, zafi suke tsoro, sanyi ke kayar da su. Ka ga Ba'abzine da rawani da riga a kan riga, ba don ado kawai yake yi ba. Rawanin nan shi ke tare rana, shi ke tare ƙura, da dare kuma shi ke rufe kunne da wuya. Ku ɗauki rawani ko babban gyale kowa da nasa.

Usman D.: Ni dai tambayata, dole sai an sayi jakar barcin nan ta Turawa? Kwana biyu kacal fa. Mutum biyar, jaka biyar, kuɗi ne mai yawa a kan abin da za a jefa a sito. Kawu, ku da kuka hau Bagzan da jakar barci kuka hau? Ba bargo ba ne?

Kawu Alhassan: Bargo ne, Usmanu. Amma bargon gashi mai nauyi, ba irin na roba mai sulɓi da ake sayarwa yanzu ba. Kuma ba ma kwanciya a fili inda iska ke bi. Sai mu nemi bayan dutse, mu shimfiɗa tabarma da buzu a ƙasa, mu kwanta kusa da juna. Wanda ya iya wannan, bargo ya ishe shi. Yaran nan ba su iya ba tukuna.

Injiniya Bashir: Usman, ba sai an saya ba. Shagunan kayan zango da yawa suna ba da haya, jami'o'i ma da dama suna da ofishin da ke ba ɗalibai aron tanti da jakar barci a farashi mai sauƙi. Ƙanin matar Abdulhadi in ɗalibi ne ya tambaya a makarantarsu.

Abin da nake so a gane game da jakar shi ne lambar da ke jikinta. In an rubuta 40, ana nufin 40 a ma'aunin Amurka, kamar digiri 4 namu, kuma sau da yawa wannan ita ce iyakar da mutum zai jure a dunƙule, ba inda zai yi barci mai daɗi ba. Jakunkunan da aka gwada bisa ƙa'ida suna da lamba uku: ta jin daɗi, ta iyaka, da ta tsira da rai. Ta farkon za ku duba, musamman ga mata. Ni shawarata ku nemi mai lamba 20, wato kusan digiri 7 ƙasa da sifili. In ta yi zafi sai a zuge zif. Bargunan uku ku tafi da su, a ɗora a sama.

Amma abin da ya fi damuna a jerin kayanka katifar iska ce. Mutane suna ɗauka sanyi daga sama yake zuwa. Da yawansa daga ƙasa ne. Iskar da ke cikin babbar katifa tana yin sanyi daidai da ƙasa, ta kwana tana zuƙe ɗumin bayanka, ko bargo goma ka lulluɓa. Buzun da Kawu ya ambata shi ne asirin. A nan abin da ke madadinsa shi ne shimfiɗar soso ta zango, wadda ake naɗewa. Suna da lambar R, gwargwadon girmanta gwargwadon yadda take tare sanyi. Ku nemi 3 ko fiye. In ka haɗa biyu lambobinsu haɗuwa suke yi. In dole sai da katifar iskar, to a shimfiɗa soson ko bargo mai kauri a kanta, tsakaninta da jiki.

Usman D.: To na yarda da haya. Saye ne dai ban yarda ba.

Maman Ilham: Yanzu mu zo kan ruwa, don shi ne ya fi tsorata ni. Abdulhadi, ka san babu ruwa a Jumbo Rocks? Ko famfo ɗaya babu. Cikin sansanonin gandun, Black Rock da Cottonwood ne kawai suke da ruwa. Katan biyu na ruwan roba, in masu guda 24 ne na rabin lita, lita 24 ke nan gaba ɗaya. Ku biyar. Kafin azahar ɗin Asabar kun gama da shi.

Abdulhadi: Anti ban lura ba sam. Hotunan duwatsun ne suka ɗauke min hankali na kama wurin. To nawa ya kamata?

Maman Ilham: Hukumar gandun tana cewa aƙalla galan ɗaya ga kowane mutum a rana, galan biyu in za a yi tafiyar ƙafa cikin zafi. Galan ɗaya lita 3.8 ne. Amma wannan lissafin na wanda ba ya alwala ne, ba ya shiga bayi da buta. Mu namu daban. Ni galan biyu nake ware wa kowa a rana. Daga yammacin Juma'a zuwa hantsin Lahadi kwana biyu ne cikakku: galan 20. Ka ƙara biyar na ko-ta-kwana da ba za a taɓa ba, a bar shi a mota. Jarka biyar masu galan biyar-biyar. Ka sa a ranka nauyinsu ya kusa kilo 95, ku raba a mota biyu.

Usman D.: Anti wannan bai yi yawa ba? Ba ga hamada nan ko'ina ba, a yi taimama mana a huta.

Malam Nuhu: Usman, a yi hattara da wannan. Taimama rangwame ne ga wanda ya rasa ruwa, ko yake tsoron ƙishirwa in ya yi amfani da ɗan abin da ke hannunsa, ko ruwan zai cutar da shi. Mutumin da ke da mota, yana da ikon cika jarka kafin ya shiga, bai kamata ya tsara tafiyarsa a kan taimama ba. In abin ya faru, mota ta lalace ko jarka ta fashe, to sha ke gaba da alwala, ga ƙasa ga dutse, babu laifi. Amma alwala ba ta cin ruwa yadda muke zato. Ya tabbata cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana alwala da mudu guda, kuma mudun nan bai kai lita ɗaya ba. Famfo ne ya koya mana ɓarna. Ku ɗauki buta biyu, wani ya riƙa zuba wa wani. Kuma daga Los Angeles, inda za ku taso, zuwa can ya haura mil 48 nesa ba kusa ba, zaman kuma bai kai kwana huɗu ba, saboda haka ƙasaru za ku yi.

Usman D.: Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara.

Kawu Alhassan: Ƙari a kan ruwa. Kada ku zuba shi duka a mazubi ɗaya. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma ba sa dogara da salka guda, don salka tana hujewa. Bido biyar, wato jarka, ya fi babban tanki ɗaya. Kuma a rufe su ruf. A hamada duk abin da ke da rai ruwa yake nema, ƙudan zuma za su taru a kan ɗigon da ke zuba.

Sadiya: Assalamu alaikum. Ni ce matar abokin Yaya Abdulhadi, yanzu aka saka ni a zauren. Anti Maman Ilham, tambayar da maza ba za su yi ba: bayi fa?

Maman Ilham: Sannu da zuwa ƙanwata, gara da kika tambaya. A Jumbo Rocks bayin rami ne, ginanne da ƙofa da sakata, amma babu ruwa babu fitila. Ki tafi da butarki, sabulu, man wanke hannu, takardar bayi, da ledar zuba shara, don ba a jefa shara cikin ramin. Wanka kam babu shi sai kun dawo gida. Tawul ƙarami da ɗan ruwan ɗumi a cikin tanti ya wadatar. In kina ganin ba za ki iya ba, ki faɗa tun yanzu a nemi Black Rock, can akwai famfo da bayi na zamani.

Kuma tantin nan guda ɗaya ga ma'aurata biyu da saurayi, ai bai dace ba. Labulen leda ne kawai a tsakani. Dokar wurin ta yarda da mutum shida, tanti uku, mota biyu a fili ɗaya. Ku yi uku.

Injiniya Bashir: Ni ban goyi bayan komawa Black Rock ba. Yana gefen garin Yucca Valley, kuma babu titin da ya haɗa shi kai tsaye da tsakiyar gandun, sai kun fita kun zagaya ta babbar hanya ta 62. Jumbo Rocks kuwa kuna tsakiyar duwatsun, da ƙafa za ku taka zuwa Skull Rock, dutsen nan mai siffar ƙoƙon kai. Ban da haka, a ƙarshen mako na Maris samun wuri wahala ne, tun wata shida kafin lokaci ake buɗe rajista a recreation.gov kuma nan da nan ake cinyewa. Wanda ya samu ya riƙe.

Maman Ilham: Injiniya, kai kana maganar duwatsu, ni ina maganar mace da za ta fita bayi ƙarfe uku na dare cikin sanyi. Su matan za su yanke.

Sadiya: Mun yi magana da Anti Rukayya, matar Yaya Abdulhadi. Za mu iya, in dai akwai tocila mai kyau kuma ana raka mu.

Kawu Alhassan: Madalla. To saura iska, kuma ita ce ba wanda ya ambata. Watannin nan na Maris da Afrilu nakan bi babbar hanya ta 10 ta mashigin San Gorgonio, inda fankokin lantarkin nan suke jere. Ba banza aka kafa su a can ba. Na ga iska tana kaɗa tirela mai kaya. Dogon tantin da mutum ke miƙewa a ciki, bango ne ka gina wa iska. A Abzin bukkar tabarma gajera ake yi, mai zagaye, iska ta bi ta kanta ta wuce.

Injiniya Bashir: Haka ne Kawu. Na gani da idona. Wani tanti da na saya da araha, turakunsa siraran waya ne kamar na rataye kaya. Ƙasar wurin tsakuwa ce mai tauri a ƙarƙashi, ina bugawa suna lanƙwashewa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare iska ta taso, gefe guda ya tuge, sandar tsakiya ta karye, bangon tantin ya kwanta a fuskar ɗana yana barci. A mota muka ƙarasa daren. Araha ba ta ado. Tun daga nan ba na zuwa sai da turaku irin na ƙusa, masu tsawon taƙi guda, da guduma. Duk igiyoyin da ke jikin tantin a ɗaure su, ko da yamma ta yi lumui. Ƙofa ta juya wa iska baya. In za ku fita yawo, ku sa jarkar ruwa ɗaya a cikin kowane tanti. Kuma an hana ɗaura igiya a jikin bishiya ko wani tsiro, bishiyoyin Joshua ɗin nan saiwarsu ba ta da zurfi. Sannan ku kafa tantin sau ɗaya a gida kafin tafiya. Kada ranar farko ta zama a cikin duhu.

Abdulhadi: To babban tantin zan mayar, rasit yana nan. Gawayin fa? Ina tunanin in sanyi ya yi yawa mu sa ɗan garwashi a kasko mu shigar tanti kamar yadda ake yi a gida da hunturu.

Anti Hadiza: Abdulhadi, a'a! Ina aiki ina leƙo zauren, wannan ce ta sa na ajiye abin da nake yi. Ni nas ce. Kada garwashi, ko risho, ko fitilar gas su shiga tanti, ko na minti biyar. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, ya ɗauka gajiya ce, ya kwanta, shi ke nan. A gida ma tana kashe mutane, ita ce ta hayaƙin janareta. In kuna son ɗumi, ku tafasa ruwa ku zuba a gora mai murfi mai ƙarfi, ku sa ta cikin safa, ku tura ƙasan jakar barci wajen ƙafa. Ku canza kayan da kuka yi gumi a ciki kafin kwanciya, don auduga in ta jiƙe sanyi take riƙewa. Hular sanyi da busasshiyar safa, kowa.

Tunda na shigo bari in ƙarasa. Akwatin taimakon gaggawa: filasta, bandeji, maganin ciwon kai, garin gishiri da suga na sha, hantsaki, da matsefi. Matsefin ba na kai ba ne. Akwai wani tsiro mai ƙaya da ake kira choya, ku ɗauka ƙarangiya ce da ta yi girman lemon tsami, ƙayarta kuma mai ƙugiya. Gaɓarsa tana ɓallewa ta manne a ƙafa, in ka sa hannu ka cire ta koma hannun. Sai a zura matsefi tsakaninta da fata a fizge. Saboda haka takalmi sau-ciki, silifas sai a bakin tanti. Da safe a zazzage takalmi saboda kunama.

Macizai masu ƙaraurawa a wutsiya suna fitowa a wannan lokacin. Kada a sa hannu a ramin dutse da ido bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa da igiya kamar yadda muka gani ana yi a ƙauye. A cire zobe da agogo, a kwantar da hankali, a nufi asibiti, akwai a garin Joshua Tree. Kuma ku sani yawancin gandun babu sabis na waya. Ku sauke taswira tun a gida, ku karɓi ta takarda a ƙofar shiga, ku gaya wa wani ranar da za ku dawo. Man kare rana ma ku shafa, baƙar fata tana ƙonewa a tudu. Man kaɗanya don leɓe da dunduniya.

Abdulhadi: Anti Allah ya saka da alheri. Wallahi da na aikata.

Maman Ilham: Gawayinka na gashi yana nan daram, kowane fili yana da murhun ƙarfe da teburi. A ciki kawai ake hura wuta. Itace kuma sai ka saya a gari ka shiga da shi, an hana tsintar ko ƙirare. Ka duba sanarwa kafin ku tafi, don wani lokacin sukan hana wuta gaba ɗaya. Shi ya sa ƙaramin rishon gas ya zama dole, da silinda biyu, da ashana a leda. Abinci kada ku wahalar da kanku: ki dafa miya a gida Sadiya, ki daskarar da ita, ta zama ƙanƙarar kula, ranar Asabar a ɗumama a dafa taliya. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, burodi, ƙwai. Komai a rufe a mota, hankaki da kurege na wurin sun san leda.

Kawu Alhassan: Da butar shayi da ƙananan kofuna. Wannan ba a mantawa.

Sadiya: Malam, alƙibla fa, tunda waya ba sabis?

Malam Nuhu: Tambaya mai kyau. A nan kudancin Kalifoniya alƙibla ba gabas take ba kamar a gida. Tana arewa ne, an ɗan karkata zuwa gabas da kamar digiri 25. Kamfas ɗin waya yana aiki ba sabis, amma Kawu ya fi ni sanin hanyar da ba ta buƙatar caji.

Kawu Alhassan: Bayan Magariba ku dubi arewa maso gabas, za ku ga taurari bakwai masu siffar ludayi. Abzinawa taguwa suke ce musu. Biyun da ke bakin ludayin, ku ja layi daga kansu, zai kai ku ga tauraro guda da ba ya motsi duk dare. Nan ne arewa. Ki fuskance shi, ki miƙe hannu, ki auna dunƙulen hannu biyu da rabi zuwa dama. Ki jera duwatsu uku a ƙasa a kan layin, sun ishe ku har ku tashi. Kuma tunda kwana bakwai ko takwas ga wata za ku je, farin wata zai rufe taurari da farkon dare. Sai ya faɗi bayan tsakar dare. Ku tashi awa ɗaya kafin Asuba, ku kashe tocila, ku ɗaga kai. Rabona da ganin sama irin ta Timiya, can cikin Abzin, sai da na kwana a hamadar nan.

Injiniya Bashir: Tocilan goshi za ku nema, kowa da tasa, mai jan haske in da hali, don ba ya kashe ido kuma ba ya damun maƙwabta. Da batir na ƙari. Mai kuma ku cika tanki a garin Yucca Valley ko na Twentynine Palms, babu gidan mai a ciki. Kafin ku tayar da mota ku leƙa ƙarƙashinta, kunkurun hamada yakan fake a inuwar. Kada a ɗaga shi, in ya tsorata yakan zubar da ruwan da ya tara a mararsa, kuma da shi yake rayuwa har wani ruwan saman ya sauka.

Abdulhadi: Na rubuta duka. Ƙanin iyalina ya ce makarantarsu tana ba da aron tanti ƙanana da jakar barci, gobe zai je ya tambayi masu lamba 20. Jarka biyu nake da su. Akwai mai uku da zai ara min?

Maman Ilham: Ina da biyu, da rishon gas. Ka turo a karɓa ranar Lahadi bayan La'asar.

Kawu Alhassan: Na ukun yana wurina, da guduma. Ranar Laraba zan sauke kaya kusa da ku, zan kira ka in na iso.